Azhar: Daga Masallacin Fada Zuwa Matattarar Ɗalibai

A watan Safar na shekara ta 365 bayan Hijira, wato cikin 975 Miladiyya, wani alƙali mai suna Ali ɗan Nu'umanu ya zauna a sabon masallacin Juma'a na birnin Alƙahira. Ya buɗe wani taƙaitaccen littafin fiƙihu da mahaifinsa ya wallafa, ya shiga karanta wa jama'a. Taron ya cika, har aka rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Masana tarihi na ɗaukar wannan zama a matsayin darasi na farko da labarinsa ya iso gare mu daga Azhar. Fiƙihun da aka karanta ran nan na Shi'a Isma'iliyya ne, abin da zai ɗaure wa mutane da yawa kai, ganin cewa yau duniya ta san Azhar a matsayin babbar cibiyar karatun Ahlus Sunna.

Waɗanda suka gina masallacin su ne Faɗimiyyawa, zuriyar da ta jingina asalinta ga Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda. Sun kafa daularsu a 909 a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, kuma tun daga ranar farko ba su ɓoye burinsu ba: su ne halifofin gaskiya a ganinsu, Abbasiyawan Bagadaza kuwa 'yan ƙwace. Misira ce ƙofar gabas, sun kuwa gwada ƙwanƙwasa ta da yaƙi fiye da sau ɗaya ba su yi nasara ba. Sai a 969 dama ta samu. Kafur, wanda ya riƙe ƙasar, ya rasu shekara guda kafin nan, kogin Nilu ya yi ƙarancin ruwa, yunwa ta addabi mutane, sojoji kuma sun rarrabu. Halifa Mu'izzu ya turo babban kwamandansa Jauhar, wani 'yantaccen bawa da ake wa laƙabi da Basiƙille, ya shiga ƙasar kusan ba turjiya. Ya rubuta wa mutanen Fusɗaɗ, babban birnin ƙasar a lokacin, takardar aminci, ya yi musu alkawarin barin su a kan mazhabobinsu.

Jauhar bai sauka cikin Fusɗaɗ ba. Ya ja arewa kaɗan ya shata sabon birni mai ganuwa, na halifa da fadawansa da rundunarsa, shi ne Alƙahira. Fusɗaɗ na da masallacin Amru ɗan Asi tun zamanin sahabbai, ga kuma na Ibnu Ɗulun a kusa, amma dukansu a hannun malaman Sunna suke, kuma sabon mai mulki na bukatar mumbarin da za a ambaci sunansa ba tare da gunaguni ba. Aka ɗora tubali a 970, aka yi Juma'ar farko a watan Azumi na 361, wato 972. Da farko Masallacin Alƙahira kawai ake ce masa. Sunan Azhar ya biyo baya, akasari kuma ana danganta shi da laƙabin Nana Faɗima, Azzahra'u. Shekara guda bayan buɗe shi Mu'izzu ya iso da iyalinsa da dukiyarsa, har da gawarwakin kakanninsa cikin akwatuna, alamar ya zo ke nan ba komawa.

Mutumin da ya fara mai da karatun masallacin aiki mai albashi shi ne waziri Yaƙubu ɗan Killis. Tarihinsa kansa abin ji ne. Bayahude ne haifaffen Bagadaza, ya yi fatauci a Ramla, ya shiga hidimar Kafur, ya musulunta, sannan da abokan gaba suka matsa masa ya tsere wurin Faɗimiyyawa, ya dawo Misira tare da su. A 988 ya nemi halifa Azizu ya yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi. Aka zaɓi kimanin 35, aka gina musu gida a jikin masallacin. Kowace Juma'a bayan an idar da salla sai su yi da'ira su yi ta muhawara har la'asar. Ran Ƙaramar Salla halifa kan yi musu tufafi, a ba su alfadarai su hau. Masu yaɗa aƙidar daular ma sukan yi zama na musamman domin mata a cikin masallacin.

Duk da haka, wanda ya ce Azhar ce kan gaba a ilimi a zamanin Faɗimiyyawa ya yi wa tarihi ado. A 1005 halifa Hakim ya buɗe Darul Ilmi kusa da fada, ya zuba mata littattafai daga taskarsa, ya tanadi takarda da tawada da alƙalami kyauta ga duk mai son kwafa. Can manyan masana suka fi karkata. Abin da Hakim ya yi wa Azhar bai kai wannan armashi ba, amma ya fi shi ƙarko: ya yi mata hubusi na gidaje da shaguna, aka rubuta dalla-dalla abin da za a kashe wa liman da ladanai, da kuɗin tabarmi, da man fitila, da turaren da za a ƙona a watan Azumi. Malam Maƙrizi ya adana nassin takardar a littafinsa na tarihin unguwannin Alƙahira. Darul Ilmi ta tafi tare da daular da ta kafa ta.

A waɗancan shekaru ne kuma wani baƙo daga Basra ya zauna a ƙofar masallacin. Ibnul Haisam ne, wanda bincikensa kan haske da yadda ido ke gani ya zama tushe ga waɗanda suka biyo baya. An ruwaito cewa ya yi wa Hakim alkawarin shawo kan ambaliyar Nilu, da ya je kudu ya ga girman kogin sai ya tabbatar abin ya fi ƙarfinsa, ya shiga haukan ƙarya don ya tsira da wuyansa. Bayan mutuwar halifan a 1021 ya tare a wata ƙubba kusa da Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da na taurari na mutanen da, yana sayarwa yana cin abinci.

A 1171 reshe ya juye da mujiya. Salahuddin Ayyubi, wanda a lokacin shi ne wazirin halifan Faɗimiyya na ƙarshe, ya sa aka mai da huɗuba da sunan halifan Bagadaza. Bayan 'yan kwanaki halifa Adid ya rasu, daular ta bi shi. Azhar ita ce tutar tsohuwar gwamnati, don haka aka waiwayo ta. Aka ɓalle ɗamarar azurfa da ke jikin mihirabi mai ɗauke da sunayen halifofin da suka shuɗe. Sabon alƙalin alƙalai, Sadruddin ɗan Dirbas, Bashafi'e ne, kuma a mazhabarsa ba a Juma'a biyu a gari ɗaya. Da wannan hujja aka keɓe huɗuba ga masallacin Hakim, wanda ya fi faɗi, aka hana ta a Azhar. Hukuncin na fiƙihu ne, amma babu wanda ya kasa ganin siyasar da ke bayansa. Salahuddin ya juya dukiya zuwa sababbin makarantu na Sunna irin waɗanda aka saba da su a Sham da Iraƙi, ciki har da babbar makarantar da ya gina kusa da kabarin Imam Shafi'i, da Ƙamhiyya ta Malikawa.

Kusan shekara ɗari Azhar ta yi ba a hau mumbarinta ran Juma'a ba. Ba a dai rufe ta ba. Ana salloli biyar, matafiya da talakawa na kwana, wasu malamai na ba da karatu. Likita kuma masanin falsafa Abdullaɗif na Bagadaza ya koyar a cikinta a ƙarshen ƙarni na 12. Wannan watsi da aka yi da ita, a wani ɓangaren, alheri ya zame mata, domin a cikinsa ne ta rabu da tambarin fada, ta zama ta duk wanda ya shigo.

Mamalik, sojojin nan da aka sayo suna bayi suka zama sarakuna, su suka dawo da ita. Wani amiri mai suna Aidamur Alhilli yana maƙwabtaka da masallacin, ya ga ya lalace, ya nemi izinin Sultan Baibars ya gyara shi. Da aka zo batun Juma'a alƙalin Shafi'iyya ya ƙi, amma Baibars ya riga ya naɗa alƙalin alƙalai ga kowace ɗaya daga mazhabobi huɗu, sai aka bi ra'ayin da ya halatta. A ƙarshen 1266 aka sake huɗuba a Azhar. Lokacin ma ya dace. Mongol sun rusa Bagadaza a 1258, Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya a 1248, malamai daga gabas da yamma suna ta kwararowa Alƙahira, wadda ta zama mafakar halifancin Abbasiyya tun 1261.

Daga nan sai gine-gine suka yi ta tsirowa a jikin tsohon masallacin. Girgizar ƙasa ta 1303 ta yi masa illa, amiri Salar ya gyara. Aka manna masa makarantar Ɗaibarsiyya wajen 1310, da ta Aƙbugawiyya wajen 1340, kowace da hubusinta. Sultan Ƙaitbai ya ɗaga hasumiya, Sultan Guri ya ɗaga tasa mai kai biyu, wadda har yau ita ake fara hangowa. Da Ibnu Haldun ya bar Tunis ya iso Alƙahira a farkon 1383, a Azhar ya fara zaman karatu kafin sarki ya ba shi makaranta da alƙalancin Malikiyya.

Sai dai ginshiƙin wurin na gaskiya a wancan zamani shi ne tsarin ruwaƙi. Ruwaƙi wani sashe ne a gefen masallacin da aka keɓe wa mutanen ƙasa ɗaya, da shehinsa, da akwatunan ajiye kaya, da littattafansa, da rabon gurasa na kullum daga hubusin da masu hali suka bari. Yaro zai taso daga ƙauyen kudancin Misira, ko daga Magrib, ko daga gaɓar Habasha, ba shi da kowa a birni, ya tarar da masu jin harshensa, da tabarmar kwana, da abin da zai sa a baki. Da safe shehi ya jingina da ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi, a karanta matani, ya warware, a yi tambaya, kusan yadda ake yi a zaurukan Kano da Zariya. Ba rajista, ba aji, ba jarrabawa; wanda ya ƙware a littafi shehinsa ya rubuta masa ijaza. Maƙrizi ya ce a 1415 mazauna masallacin sun kai 750. A shekarar ce wani amiri da aka ɗora wa kula da wurin ya ga zaman nasu bai dace da alfarmar masallaci ba, ya kore su da akwatunansu, har aka kai ga duka. Korar ba ta ɗore ba.

Mutanen yankin Tafkin Chadi sun san hanyar Alƙahira tun da wuri. A shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba alƙali Ibnu Rashiƙ kuɗi ya gina musu makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, wadda ta zama masaukinsu a hanyar Hajji. Daga baya Azhar kanta ta samu ruwaƙin Barnawa, kusa da na mutanen Sinnar da na Jawa da na Turkawa da na Sham. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, mutumin Katsina masanin lissafi da hatimai, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa wajen 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda gidansu ke riƙe da ruwaƙin Jabarti, kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman.

Da Usmaniyawa suka ci Misira a 1517, Alƙahira ta koma hedikwatar lardi, makarantun Mamalik da yawa suka durƙushe saboda hubusinsu ya salwanta. Azhar, mai hubusi daga hannuwa barkatai, ta tsaya, ta kuma gaji ɗalibansu. A wannan zamani ne muƙamin Shehin Azhar ya bayyana, kuma wanda aka saba farawa da shi a jerin shi ne Muhammadu Alharashi, Bamalike da ya rasu a 1690, mai sharhin Muhtasar. Duk wanda ya yi nisa a fiƙihu a ƙasar Hausa ya sha daga wannan rijiya ko bai sani ba: Nafrawi mai sharhin Risala, da Adawi, da Dardir mai Aƙrabul Masalik, da Dasuƙi, duk a gindin ginshiƙan Azhar suka koyar. A shekarun 1750 Abdurrahman Katkuda ya faɗaɗa masallacin ƙwarai, ya ƙara ƙofofi, ciki har da Ƙofar Wanzamai inda a da ɗalibai kan yi aski, da Ƙofar Miya inda a da akan raba wa mabuƙata abinci.

Malaman sun zama bakin talakawa a gaban masu mulki, shi ya sa da mutanen Alƙahira suka yi wa Napoleon bore a Oktoban 1798 Faransawa suka yi wa unguwar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakansu. A 1872 aka kawo jarrabawar farko ta neman shaidar malanta. Shehu Muhammadu Abduh ya yi ta fama da tsofaffin shehunai kan gyaran tsari, aka tattara littattafan ruwaƙai aka kafa ɗakin karatu a 1897 cikin makarantar Aƙbugawiyya. A 1930 aka raba karatun zuwa kwalejoji uku, na Usuluddini da Shari'a da Larabci. Dokar 1961 ta zamanin Jamal Abdunnasir ta shigo da likitanci da injiniyanci da aikin gona, ta buɗe ƙofa ga mata, ta kuma ɗaure cibiyar da gwamnati fiye da kowane lokaci tun bayan Faɗimiyyawa, abin da har yau ake muhawara a kansa. Ɗaliban ƙasashen waje kuwa tun 1959 aka buɗe musu unguwa guda a yankin Abbasiyya, Madinatul Bu'us, inda 'yan Kano da Maiduguri da Damagaram da Anjamena ke zaune a ɗakunan kwana na zamani, su hau mota zuwa kwalejojinsu.