Malaman Zango da Manufar Ilmi a Gana: Waiwaye Daga Ayigya ta Kumasi

1.0 Gabatarwa

Ayigya unguwa ce a gabashin Kumasi, kuma hanyar da ta nufi Ankara ce ta raba zangonta da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka buɗe a matsayin kwaleji a 1952. Tafiya ce ta 'yan mintoci a ƙafa, amma an daɗe 'ya'yan zango ba su tsallaka wannan hanya da sunan ɗalibta ba, sai ɗai-ɗai. Wannan takarda za ta duba yadda malaman zangunan Gana suka haɗa kai har gwamnati ta sauya manufarta game da makarantunsu.

2.0 Makaranta da Boko

Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma mamayar da Turawan Ingila suka yi wa Asante, lokacin da fataken goro da malamai suka kwararo kudu. Sun zo da allo da tawada, kuma Hausa ta zama harshen hulɗa tsakanin ƙabilun zango. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa a Gana kalmar "makaranta" ta fi nufin ta allo, hatta a bakin wanda ba Bahaushe ba.

Shi kuwa boko, galibinsa yana hannun mishan ne. Kowace babbar coci tana da sashen ilminta da ke kula da makarantunta, gwamnati kuma tana tallafawa da albashin malamai. Iyaye a zango suna tsoron kada yaro ya tafi neman boko ya dawo da wani addini. Ahmadiyya sun buɗe sakandare a Kumasi a 1950, amma saɓanin aƙida ya hana yawancin mutanen zango kai 'ya'yansu can. Ko dokar ilmi ta 1961, wadda ta wajabta karatun firamare kyauta, ba ta kawar da wannan tsoro ba.

3.0 Hanyar Siyasa da Hanyar Malamai

Da farko shugabannin zango sun gwada jam'iyya. Jam'iyyar Musulmi ta MAP ta yi ƙarfi a Kumasi a tsakiyar shekarun 1950, sai dai a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga ƙasar, ta kuma haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Daga baya dokar korar baƙi ta Busia a 1969 ta girgiza zanguna, ta nuna wa jama'a haɗarin zama a ƙasa ba tare da takarda ko murya a ofisoshin hukuma ba.

Malamai sun bi wata hanya dabam. Irin su Shehu Baba Alwa'iz na makarantar Wataniyya da Shehu Adam Baban Makaranta na Azhariyya a Kumasi, da Afa Ajura na Anbariyya a Tamale, sun tsara karatu aji-aji, da benci da jadawalin darussa. Duk da cewa ba ɗariƙarsu ɗaya ba, sun samar da makarantun da hukuma za ta iya ganewa. A shekarun 1970, zamanin Acheampong, gwamnati ta fara tura malaman boko zuwa makarantun da masu su suka amince, aka riƙa kiransu makarantun Turanci da Larabci.

Sai dai kowane mai makaranta yana bin ofis ne shi kaɗai, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da masu makarantu da ƙungiyoyin Musulmi suka dage da murya ɗaya, sai gwamnatin Rawlings ta kafa Sashen Ilmin Musulunci a 1987 ƙarƙashin Hukumar Ilmi ta Gana, shekarar da aka sauya tsarin karatun ƙasar baki ɗaya. Ka'idar ita ce: makaranta ta koyar da manhajar gwamnati, gwamnati ta kawo malamai da littattafai ta biya albashi, al'umma kuma ta riƙe darussan Larabci da addini. Ta haka makarantun zango suka zama na gwamnati ba tare da sun rasa asalinsu ba, iyaye kuma suka saki jiki, har da kai 'ya'ya mata.

4.0 Abin da Ya Rage

Yarjejeniyar ta bar giɓi. Malaman Larabci da dama ba su da shaidar koyarwa da hukuma ta sani, don haka ba su shiga jerin masu albashi ba, sai ɗan alawus ko abin da iyaye suka tara. Bugu da ƙari, cunkoson unguwanni irin su Ayigya da Aboabo ya sa filin faɗaɗa azuzuwa ya yi wuya. Dokar Asusun Raya Zanguna ta 2017 ta sanya ilmi cikin ayyukanta, amma ma'aikatar zanguna da aka kafa a wannan shekara an rushe ta a 2021.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa jam'iyya ta mutu cikin 'yan shekaru, ma'aikata ma haka, amma sashen da malamai suka nema ya wanzu tun 1987. Dalili kuwa shi ne sun fara gyara makarantunsu kafin su je gaban hukuma, sannan suka nemi abu guda takamaimai wanda coci-coci suka riga suka samu. Wannan salo ne ya rage wa masu fafutukar albashin malaman Larabci su bi.