Kalmar 'Yan Gudun Hijira da Mutanen Ƙasar Zuru

A watan Yunin 2021 'yan sandan Jihar Kebbi suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. Hare-hare irin wannan sun tayar da manoma daga can da kuma Sakaba zuwa garuruwa irin su Ribah da Zuru, kuma sunan da kowa ke kiransu da shi shi ne 'yan gudun hijira. Akwai masu ganin sunan bai dace ba. Hujjarsu ita ce, hijira ƙaura ce domin addini, kamar ta Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622, ko ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804. Wanda 'yan bindiga suka kora saboda shanunsa da rumbunsa, ina ruwansa da wannan daraja? Sun kuma ƙara da cewa a cikin Dakarkari, mutanen wannan yanki, akwai Kiristoci da masu addinin gargajiya da yawa.

A ganina wannan hujja ta ɗaure kalma ga asalinta, alhali masu magana da harshe su ne ke ba ta ma'ana. Kalmar Ingilishi refugee ma daga addini ta faro. An aro ta daga Faransanci, aka fara kiran Kiristocin Furotesta da ita, waɗanda suka tsere zuwa Ingila bayan Sarkin Faransa ya soke dokar da ke kare su a 1685. A hankali ta game duk wanda yaƙi ko zalunci ya kora. Hausa ta bi irin wannan hanya, har ta ɗara: da ta haɗa gudu da hijira, ta nuna cewa tafiyar ta dole ce, amma ba ta zubar da mutuncin mai tafiyar ba. Mai hijira ba mabaraci ba ne. Tun zamanin Muhajirai da Ansaru yana da haƙƙi a wuyan mai masaukinsa, kuma ba na ganin dalilin hana Kirista manomi daga Wasagu wannan haƙƙi.

Inda sunan ke da rauni daban yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta keɓe kariyarta ga wanda ya bar ƙasarsa. Mutanen Danko-Wasagu ba su tsallake iyaka ba. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita, ita ce ta shafe su, kuma ta ɗora nauyinsu a kan gwamnatin ƙasarsu. Hausa tana kiran waɗanda suka tsallake iyaka da waɗanda ba su tsallake ba da suna ɗaya, shi ya sa mai sauraron rediyo kan zaci ƙungiyoyin agaji na waje ake jira, alhali alhakin ciyar da su, karatun 'ya'yansu da mayar da su gonakinsu yana kan Abuja da Birnin Kebbi.