Daga Makarantar Wusasa Zuwa Jarrabawar Shiga Jami'a

Maganar yau dominka ce, kai saurayi, da ke budurwa, ku da ku ke shirin jarrabawar shiga jami'a, kun kuwa zaɓi darasin addinin Kirista cikin darussa huɗu da za a tambaye ku. Na sani waɗansu su kan zaɓe shi don suna tsammani banza ce ta faɗi. Su kan ce, ai tun muna yara mu ke zuwa makarantar Lahadi, me kuma ya rage? Bari in ba ka labarin inda darasin nan ya fito, gama labarin zai nuna maka inda ramin ya ke.

Kafin a gwada mutum a kan littafi, sai akwai littafin tukuna. A 1841 wani Bajamushe mai suna Schön, ma'aikacin mishan na CMS, ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuwa sa kansa ga koyon Hausa. Bayan ya koma Ingila ya sami taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Aka buga Bishara ta hannun Matta da Hausa a 1857. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, amma Hausar mutumin da bai zauna ƙasar Hausa ba ce, masu karanta ta kuwa ba su da yawa.

A 1900 Likita Walter Miller ya iso Kano cikin ƙungiyar Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, ya kuma buɗe makarantar yara. Wajen 1929 aka fitar da mishan bayan ganuwa, zuwa Wusasa a gindin dutse, inda majami'ar St. Bartholomew da makarantarta da asibiti suka kafu. Duk cikin shekarun nan aikin juyi bai tsaya ba. Miller da ma'aikatan waɗansu mishan, da Hausawa masu bi waɗanda su ne masu harshen, suka yi ta auna kalma da kalma, har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ka lura da wannan: a makarantun mishan na zamanin nan, yaro ya kan koyi karatu daga cikin Maganar Allah da harshen da ya sha a nono. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Dawuda da Goliyat, ba darasin da a ke tsoro ba ne, abin da a ke karantawa ne da safe, a maimaita a gida da dare. Daga cikin jama'ar nan ta Zariya da Wusasa Dikko ya fito, wanda ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na fari daga Arewa. Ishaya Audu ma a makarantar Wusasa ya yi karatunsa na fari.

Sa'an nan zamani ya juya. Aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan a 1948, aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, a 1952. Sanin Littafi Mai Tsarki ya zama darasi mai maki kamar lissafi da labarin ƙasa, 'yan makaranta suna kiransa BK, daga baya CRK, yanzu kuma CRS. Da Turanci a ke tambaya, da Turanci a ke amsawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962, Ishaya Audu ɗan makarantar Wusasa ya zama shugabanta daga 1966 zuwa 1975. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan da yawa, har makarantar St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Darasin bai mutu ba, ya tsaya cikin tsarin gwamnati gefe da gefe da darasin addinin Musulunci, amma ya fita daga hannun waɗanda suka dasa shi.

Dā kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta, har mutum ɗaya ya kan sami wuri biyu ko uku, wani kuwa ya rasa. Domin gyara wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka haɗa jarrabawar jami'a da ta sauran manyan makarantu ta zama ɗaya, tun 2015 kuwa a gaban kwamfuta a ke yin ta. Darasi huɗu ne, Turanci tilas, kowane darasi maki 100.

To, ga ramin. Kai ka taso da Littafi na Hausa a majami'a, mai tambaya kuwa yana riƙe da juyin Turanci na RSV, wanda aka gama a Amurka a 1952. Sunaye ba su zama ɗaya ba. Ka san Farawa da Fitowa, ka san Irmiya da Ishaya, amma ko za ka gane su da sauri sa'anda suka bayyana da rigar Turanci, agogo kuwa yana tafiya? Ga Yakubu. A Littafinka Yakubu ne ɗan Ishaku, Yakubu ne ɗan Zabadi, Yakubu ne mai wasiƙa. A Turanci na farin Jacob ne, sauran kuwa James. (Gaskiya dai Hausa ta fi kusa da asali a nan, gama a Helenanci tushen sunan ɗaya ne, amma wannan ba zai ƙara maka maki ba.) Har cikin Hausar ma akwai bambanci, domin an yi sabon juyi kusan shekara hamsin bayan na 1932. Kakarka ta kan ce Kubawar Shari'a da Misalai, kai kuwa ka saba da Maimaitawar Shari'a da Karin Magana. Shawarata ita ce ka ajiye littattafan biyu a buɗe, ka karanta sura da Hausa domin ta shiga zuciya, ka sake karanta ta da Turanci domin ka kama sunayen mutane da na garuruwa.

Manhajar kashi huɗu ce: daga halitta zuwa rabuwar mulki, daga rabuwar mulki zuwa komowa daga bauta tare da annabawa, sa'an nan Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni, daga ƙarshe zaɓaɓɓun wasiƙu. Kashi na biyu shi ne makarantar Lahadi ba ta cika taɓawa ba. Ka riƙe jerinsa. Bayan mutuwar Sulemanu, taurin kan ɗansa Rehobowam ya sa kabila goma suka bi Yerobowam. Mulkin arewa ya faɗi a hannun Assuriyawa wajen shekara 722 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima kuma a hannun Nebukadnezzar wajen 586, Sairus na Farisa ya ba da iznin komowa wajen 538. In ka san wannan, kowane annabi zai sami mazauninsa. Amos da Yusha'u sun yi wa arewa faɗaka kafin ta faɗi, Irmiya ya ga faɗuwar Urushalima da idonsa, Ezekiyel kuwa cikin bayi a Babila ya yi annabci.

A kashi na huɗu za ka gamu da koyarwar barata ta wurin bangaskiya, a nan ma a kan yi tuntuɓe. Bulus cikin Romawa sura 4, da Yakubu cikin sura 2 ta wasiƙarsa, dukansu Ibrahim suka kawo shaida, har mai gaggawa ya ce suna gardama da juna. Duba wurin da kowa ya fi tsayawa. Bulus yana kan Farawa 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun ba shi da ɗan alkawarin, yana amsa wa masu cewa sai da kaciya da Shari'a a ke karɓar mutum. Yakubu ya kai mu Farawa 22, inda Ibrahim ya ɗauki Ishaku zuwa dutsen hadaya, yana tsauta wa masu bangaskiyar baki waɗanda su kan sallami ɗan'uwa mai yunwa hannu wofi. Ko ka ba da gaskiya ko ba ka bayar ba, wannan tsakaninka da Ubangiji ne, kwamfuta ba za ta tambaye ka ba. Abin da za ta tambaya shi ne wa ya faɗa, ga wa, a kan wane dalili. Saboda haka daren yau ka buɗe surorin nan huɗu, ka karanta su bi da bi, ka fara da Farawa 15.