Crystal Palace

Crystal Palace katafaren zauren baje koli ne na ƙarfe da gilashi da aka gina a filin Hyde Park na birnin Landan domin babban baje kolin duniya na 1851. Joseph Paxton, mai kula da lambunan gidan sarautar Chatsworth, shi ya zana shi, bisa ƙwarewarsa wajen gina ɗakunan gilashi na renon tsirrai.

Tsawon ginin ya kai kimanin mita 564. Gwanintar Paxton ita ce ya auna komai da girman fallen gilashi guda, wanda kamfanin Chance Brothers ke ƙerawa, inci 49 a tsaye, inci 10 a kwance. Ginshiƙai da sandunan rufi duk aka yi su iri ɗaya a masana'anta, aka kawo aka harhaɗa cikin 'yan watanni. Ginshiƙan kuwa masu rami ne a ciki, ta nan ruwan sama ke gangarowa daga rufi zuwa magudana. An ɗaga tsakiyar rufin ya zama baka don kada a sare manyan itatuwan da ke wurin.

Bayan baje kolin an kwance ginin, aka sake kafa shi a Sydenham a 1854. Gobara ta cinye shi ranar 30 ga Nuwamba, 1936.