Seferus, Mutumin Afirka Da Ya Sarauci Ruma

A bakin Bahar Rum, wajen mil 75 gabas da Tarabulus, akwai wani kufai da ake ce masa Lebda. Nan aka haifi Seferus a shekara ta 145 bayan haihuwar Annabi Isa.

A shekarar 193 dogaran fada suka kashe Sarkin Ruma Fartinas, sa'an nan suka yi gwanjon sarauta, wani attajiri Yuliyanus ya taya, suka sallama masa. Abin kunya irin wannan Rumawa ba su taɓa gani ba. Lokacin nan Seferus yana riƙe da wani lardi a bakin Kogin Danub. Da labari ya iske shi, sai mayaƙansa suka naɗa shi, ya tasam ma birnin. Kafin ya iso an kashe Yuliyanus. Ya tara dogaran nan, ya karɓe makamansu, ya kore su, ya zuba nasa mutane. Sai da ya shekara huɗu yana yaƙi da waɗansu manyan jarumai biyu kafin sarauta ta zauna masa.

Bai manta da gida ba. Ya ƙawata Lebda da gine-ginen dutse, ya gyara mata tashar jiragen ruwa, ya kafa sansanin soja a bakin hamada har Gadamas, garin nan da fatakensa suka riƙa zuwa Kano daga baya.

Amma Seferus ya san wanda ya ba shi gadon sarauta. Saboda haka ya ƙara wa soja albashi, ya yardar musu su yi aure, abin da dā aka hana su. To, ina kuɗin za su fito? Sai ya sa aka rage azurfar da ke cikin dinari, aka cika da jan ƙarfe. Wanda ya biya bashin nan shi ne talaka mai cin kasuwa.

Ya rasu a garin Yok na Ingila a 211, wurin yaƙi. An ce wasiyyarsa ga 'ya'yansa biyu ita ce su zauna lafiya da juna, su wadata soja, kada su kula da kowa. Babban, Karakala, ya riƙe zancen soja, amma shekara ba ta ƙare ba sai da ya sa aka kashe ƙanensa Geta a hannun uwarsu. Shi ma sojansa ne ya soke shi a 217. Daga 235 kuwa, cikin shekara 50, Ruma ta yi sarakuna fiye da 20, kaɗan ne suka mutu a kan gadonsu.