Daga Aska Zuwa Reza: Tarihin Askin Gargajiya na Turawa da Al'adar Sakin Ƙayyadaddun Kaya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san aski tun kafin ya san Bature, domin kuwa wanzami da askarsa da zabirarsa tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Amma kalmar reza baƙuwa ce, Ingilishi ya ba mu aronta tare da abin da take nufi. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan baƙuwa zuwa gidansu, ta duba yadda Turawa suka bar aska suka kama reza, da yadda wasu daga cikinsu suka waiwayi tsohon tafarkin aski da ruwa da sabulu da burushi a farkon wannan ƙarni. Daga nan sai mu dubi wata al'adar ciniki da ta tsiro a tsakaninsu, watau sakin kaya 'yan kaɗan a rana ɗaya, wadda a nan za mu kira sakin ƙayyadaddun kaya.

2.0 Zamanin Aska

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, aska ce makamin aski a Turai da Amurka. Garuruwan maƙera uku suka yi fice wajen ƙera ta: Shafild a Ingila, da Solingen a Jamus, da Tiyer a Faransa. Tun wajen 1740 Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka baƙin ƙarfe mai tsabta a yankin Shafild, abin da ya sa askar garin ta yi suna wajen riƙe kaifi. Sai dai aska tana bukatar wasawa da gogawa a jikin fata da kuma gwanintar hannu, saboda haka yawancin maza sukan miƙa wa mai aski wuyansu ne. A London aka kafa gidajen aski da na turare waɗanda har yau suna nan, kamar Truefitt & Hill a 1805, da Geo. F. Trumper a 1875.

3.0 Zamanin Reza

An daɗe ana neman hanyar da mutum zai aske kansa ba tare da ya yanke ba. A 1880 'yan'uwan nan Kampfe suka yi wa wata reza mai kariya rajista a Amurka, amma bakinta na bukatar wasawa kamar aska. Wanda ya juya al'amarin shi ne King Camp Gillette, wani ɗan tallan kaya, wanda ya kafa kamfaninsa a Boston a 1901. Dabararsa ita ce siririn baki mai kaifi biyu, wanda in ya dakushe sai a jefar a sayi wani. A 1903 ya sayar da reza 51 da baki 168 kacal, amma a 1904, shekarar da ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa, rezar da ya sayar ta haura 90,000. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko rundunar sojan Amurka ta raba wa mayaƙanta rezarsa, kimanin miliyan uku da rabi, suka koma gida da ita da kuma ɗabi'ar askin kullum.

Abin lura a nan shi ne ribar ta koma kan abin da yake ƙarewa. Tun daga nan kowane sabon ci gaba ya ƙara nisanta mai aski daga tsohon tafarki. Injin askin lantarki na Schick ya shiga kasuwa a 1931. A 1949 aka fito da kumfar gwangwani, wadda ta kori burushi da kwanon sabulu daga gidaje da yawa. A 1971 Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu a cikin ɗan gidan roba, a 1998 ya fito da Mach3 mai baki uku, a 2006 kuma Fusion mai baki biyar. Kowane kai ba ya shiga sai cikin mariƙin kamfaninsa, kuma duk sabon da ya fito ya fi na baya tsada.

4.0 Waiwaye

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Daga wajen 2005 wasu maza a Amurka da Ingila da Kanada suka fara taruwa a intanet suna koke iri biyu: tsadar kawunan zamani, da kuma ƙurajen da suke cewa yawan baki yana fesa musu. Suka koma kan reza mai baki ɗaya irin ta Merkur ta Solingen, da sabulun Proraso na Italiya, da burushin Simpson na Ingila, wanda ake yi da gashin wata dabba 'yar dangin dage. Suka shiga tonon tsofaffin rezoji a kasuwannin gwanjo, musamman wadda ake kira Fatboy, ta tsakanin 1958 da 1961. Hujjarsu ta farko ita ce tsimi: baki ɗari na tsohon yayi bai kai kuɗin kawuna goma na sabon yayi ba.

Bayan 2010 sai ƙananan masu sana'a suka bayyana. Wani yana dafa sabulu a ɗakin girkinsa da kitsen sa da man kaɗanya, wanda asalinsa daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma yake zuwa. Wani yana sassaƙa mariƙin burushi, wani kuma yana ƙera reza da hannu da injin feƙe ƙarfe, kamar yadda Wolfman na Kanada ya shahara da yi.

5.0 Sakin Ƙayyadaddun Kaya

Ga yadda abin yake gudana. Mai sana'a zai sanar cewa ran kaza, ƙarfe kaza, zai saki sabulu mai wani ƙamshi, ko burushi mai wani launi, adadi kaza, kuma in ya ƙare ba lalle a sake yin irinsa ba. Masu saye su yi jiran lokacin, kayan su ƙare cikin 'yan mintoci. Wasu masu sana'ar sukan rubuta sunayen masu jira, wasu su jefa ƙuri'a, wasu kuma su hana mutum ɗaya sayen fiye da guda.

Wannan al'ada tana da tushe biyu. Na farko ƙarancin gaske ne. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaure burushi dubu a wata ba, gashin kuma daga Sin ake shigo da yawancinsa, kashi-kashi, kowane kashi da irin laushinsa. Haka kuma wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi masa sauƙi ya yi kaɗan ya sayar nan take da ya tara kaya su kwantai. Tushe na biyu kuwa aro ne daga 'yan kasuwar tufafin matasa, irin su Supreme da aka kafa a New York a 1994, wanda ya saba wa jama'a da sakin kaya kaɗan ran Alhamis. A nan ƙarancin shiri ne, domin an gane cewa tsoron rasa abu yakan fi bukatarsa saurin buɗe aljihu.

Illar da ta biyo baya a fili take. 'Yan kayi-nayi suka shigo, su saye da wuri su sayar da ninkin kuɗi. Mutumin da ya shigo don tsimi sai ga shi da kwanonin sabulu da ba zai ƙarar da su cikin shekaru ba. Ƙwarewar hannu, wadda ita ce ruhin tsohon aski, ta soma ba da wuri ga alfaharin mallaka. Duk da haka ba za a yi musun amfaninta ba: ta raya ƙananan sana'o'i, ta kyautata sabulu da reza, har ta sa shi kansa Gillette ya sake fito da reza mai baki ɗaya a kantunan Turai da Amurka a 2020, da sunan wanda ya kafa shi.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda aski ya tashi daga hannun gwani zuwa masana'anta, sa'an nan ya nemi komawa hannun gwani. Sai dai komawar ba ta cika ba. Gillette ya kafa cinikinsa a kan bakin da yake dakushewa, mai sakin ƙayyadaddun kaya kuma ya kafa nasa a kan marmarin da yake dakushewa, duka biyun suna bukatar mai saye ya dawo. Ga mai nazarin al'ada, darasin shi ne abin da ake farfaɗo da shi da sunan gargajiya ba ya dawowa yadda ya tafi, yakan shigo da halin kasuwar da ya tarar. Ya kamata masu bincike a kan wanzanci da sauran sana'o'inmu na gado su riƙe wannan a zuci, a duk sa'ad da ake maganar raya su ta hanyar ciniki.