Luru da gwado: saƙar hannu a ƙasar Hausa

Luru da gwado mayafai ne na auduga da ake saƙawa da hannu a ƙasar Hausa, tun kafin bargon masana'anta ya shigo kasuwa. Luru aikin maza ne. Masaƙi kan shimfiɗa wadarinsa mai tsawo, ya ɗaure ƙarshensa a kunkuru, yana wurga ƙoshiya har ya fitar da ƙwarya, sannan a ɗinke ƙore da yawa su zama mayafi guda mai kauri, fari da ratsin baƙi ko shuɗi. Gwado kuwa an fi saninsa da mata, waɗanda ke saƙa a tsaye cikin gida, a masaƙa mai faɗi. Kafin zare ya kai ga kowannensu, sai mace ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari. Wannan kaɗin shi ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi ƙarancin lada.

Sana'ar ta taɓa ɗaukar nauyin birane. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Kano a 1851, ya kiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu. Daga baya yadin Ingila ya rage mata kasuwa, masaƙun zamani irin na Kaduna da aka fara a 1957 suka ƙara, kayan China suka zo suka danne su duka. A yammacin Katsina akwai ƙarin matsala: hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama a Safana da Batsari, yankin da Runka take, alhali ƙauye ne mazaunin mai noman auduga da mai kaɗinta.

Ƙabilar Nabaho ta kudu maso yammacin Amurka ta shiga irin wannan hali. Matansu ma a tsaye suke saƙa, sai dai da gashin tumaki. Da bargon inji ya ƙwace musu masu saye a ƙarshen ƙarni na 19, fatake irin su Lorenzo Hubbell na garin Ganado suka ja hankalinsu ga saƙa darduma mai nauyi don shimfiɗawa a ɗakunan mutanen birni. Fataken sun ci riba fiye da masaƙan, amma sana'ar ta rayu. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin ƙabilun asali idan ba su suka yi ba.

Luru bai sami irin wannan kariya ba. Masu sayensa a yau galibi masu neman kayan ado ne da baƙi, kuma da wuya ɗan kasuwa ya iya faɗin garin da aka saƙa wanda ke hannunsa.